Man da Ƙananan Halittu Ke Samarwa: Amsa ga Manoma Masu Fargabar Kasuwa

Tambaya: Wani manomin waken suya ya ji cewa kamfanoni na samar da mai a cikin tankuna ta hanyar kiwon ƙananan halittun da ido ba ya gani, yana kuma fargabar kada hakan ya karya darajar amfanin gonarsa.

Amsa: Malam, labarin gaskiya ne, amma ka kwantar da hankalinka. Akwai wasu nau'o'in yis da funfuna da gansakuka waɗanda idan aka wadata su da sukari, aka kuma rage musu sinadarin naitirojin, sai su daina hayayyafa su koma tara kitse a jikinsu, har wasu kan kai kashi 70 cikin 100 na busasshen nauyinsu. Matsalar tana wajen lissafi. Kafin a samu tan ɗaya na mai sai an ciyar da su kimanin tan biyar na sukari, ga kuɗin wutar da ke juya ruwan tanki da hura masa iska dare da rana, ga kuma kuɗin fasa ƙwayoyin domin a tatso man. Shukar da ke gonarka kuwa hasken rana take sha kyauta, shi ya sa man tanki bai iya gogayya da na waken suya ko manja wajen araha.

An gwada, kuma an ga yadda ta kaya. A Ingila an fara sayar da man wata funfuna mai suna Mucor a 1985, amma zuwa 1990 aka daina, saboda man wata shuka mai ɗauke da sinadari iri ɗaya ya fi shi sauƙin kuɗi. Kamfanin Solazyme na Amurka, wanda aka kafa a 2003 da burin yin man mota daga gansakuka, ya koma harkar abinci, ya canja suna zuwa TerraVia, ya kuma durƙushe a 2017, kamfanin Corbion na Holan ya saye shi.

Inda kasuwar ta kafu shi ne inda shuka ba ta iya bayar da abin da ake nema, wato sinadaran DHA da ARA, wasu nau'o'in kitse da ake sakawa a madarar jarirai ta gwangwani. Amurka ta fara sayar da irin wannan madara a 2002, Tarayyar Turai kuma ta wajabta saka DHA tun daga 2020. Darajar wannan ciniki ce ta sa kamfanin DSM na Holan ya sayi Martek, kamfanin da ke samar da waɗannan sinadarai, a 2011 a kan sama da dala biliyan ɗaya.

Tambaya: Shin manomi zai iya yin wannan mai a gonarsa?

Amsa: Ban ba kowa wannan shawara ba. Aikin na bukatar tankin ƙarfe da ake tsabtacewa da tururi, kuma da zarar wata baƙuwar ƙwayar cuta ta kutsa ciki, sai a zubar da dukan abin da ke tankin.

Tambaya: To, ta ina manomi zai ci moriyarsa?

Amsa: Ta hanya biyu. Ta farko ita ce noman rake da masara, domin daga gare su sukarin ke fitowa, shi ya sa ake gina masana'antun kusa da su: ta kamfanin Veramaris da aka buɗe a 2019 tana jihar Nebraska mai arzikin masara, ta Corbion kuma tana gefen matatsar rake a Birazil. Ta biyu ta shafi masu kiwon kifi, saboda man gansakuka na maye gurbin man kifin teku a cikin abincin kifi, musamman na salmon. Mai kiwon kifin da ke rayuwa a ruwan daɗi, wanda bukatarsa ta sinadarin DHA da ke cikin wannan mai ba ta kai haka ba, ya fara gwada abincin a tafki ɗaya ya kwatanta nauyin kifin da kuɗin da ya kashe kafin ya sayi buhuna da yawa.