Ƴaƴan aksolotil ɗinmu sun ƙyanƙyashe amma sun ƙi cin abinci, yaya zanyi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, daga Jidda nake. Yarona ne ya dame ni har na saya masa aksolotil (wata dabbar ruwa mai ƙafa huɗu da jela, dangin kwaɗo) guda biyu a shagon masu kifin ado, ashe mace da namiji ne, sai gashi sunyi ƙwai. Yau kwana huɗu da ƙyanƙyashewa, sunfi ɗari, na murje musu abincin kifi na zuba amma ko kallonsa basa yi, wasu ma sun fara mutuwa. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki daina zuba wannan garin tun yau, ki kuma canza ruwan da ya shiga, domin ba ci zasuyi ba, ruɓewa kawai yake a ƙasa yana sakin amoniya, sinadari mai guba a garesu, kuma ina kyautata zaton shi ke kashe miki su tare da zafi. In har yanzu suna tare da iyayen ki kwashe su maza, uwa da uban basu san ɗa ba, haɗiye su zasuyi.

Ɗan aksolotil idan ya fito tsawonsa santimita 1 ne da ƴan kai, kuma kwana ɗaya zuwa uku na farko baya buƙatar komai saboda akwai sauran kwaiduwa a cikinsa. Naki sun wuce nan, yunwa suke ji. Matsalar ita ce a wannan matakin abin da ke motsi kaɗai suke kaiwa cafka, in abu baya motsi to a wajensu ba abinci bane. Shi yasa sai abinci mai rai, kuma mafi sauƙin samu a nan shine ƙwan artimiya, wasu ƴan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande, ki tambaya da wannan sunan a shagunan kifin ado, zakiga kamar garin ƙasa ne ruwan ƙasa a ƴar roba.

Ga yadda ake ƙyanƙyashe shi. Ki yanke gindin gorar ruwa ki kifa ta baki a ƙasa, ki zuba ruwa lita 1 da gishiri mara ayodin gram 25 zuwa 30, wajen babban cokali ɗaya da rabi kenan, sai ƙwan rabin ƙaramin cokali, ki saka tiyon famfon iska har ƙasa yayi ta juya su. Shi artimiya ɗumi yake so, digiri 26 zuwa 28, to nan kam zafin Jidda ya miki rana, ki ajiye gorar a inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, baya kaiwa, awa 24 zuwa 36 sun fito. Ki cire iskar ki haska fitilar waya a ƙasan gorar minti biyar zuwa goma, ɓawon zai taso sama su kuma su taru wajen hasken jajaye-jajaye, ki zuƙo su da sirinji ki tace da ƙyalle mai laushi sosai, ki ɗauraye da ruwa mara gishiri sannan ki basu. Ɗaurayewar nan kar ki raina ta, kuma kar ɓawon ya biyo, baya narkewa a cikinsu. Gora biyu zaki haɗa, ɗaya yau ɗaya gobe, saboda kar wata rana ki wayi gari ba abin basu. Sau biyu a rana ya isa. Fatarsu garai take, in sun ƙoshi zaki hango cikin yayi ruwan lemo ya ɗan kumbura, wanda cikinsa ke fari fayau to bai samu ba.

Artimiya ɗan ruwan gishiri ne, ƴan awoyi yake a ruwan daɗi ya mutu, dan haka canjin ruwa kullum ne ba fashi. Ki raba su a robobi masu faɗi, ruwa kamar tsawon yatsa, ba tsakuwa ba yashi ba matata mai jan ruwa, 10 zuwa 15 a roba ɗaya. Kullum ki ɗebe su da cokali ki mayar a roba mai sabon ruwa ki wanke tsohuwar, banda sabulu.

Sai maganar zafi, wadda itace babbar jarabawar mai kiwonsu a Saudiyya. Asalin dabbar nan daga tafkin Xochimilco take a birnin Meziko, wuri mai tudu sama da mita 2,000 inda ruwa ke da sanyi, can ɗin ma saura kaɗan ta ƙare. Digiri 16 zuwa 18 take so, jarirai suna jure 20, amma daga 24 zuwa sama sai dai ki riƙa tsintar gawa. Ruwan da ya sauko daga tankin saman bene da rana tsaka ai kin san yadda yake, ko alwala sai mutum ya jira ya huce. Ki tara ruwan gobe tun yau a ɗakin da suke, ki ɗiga masa maganin cire kulorin, mukayyif kuma ya kwana ya wuni a kunne, ki sayi ma'aunin zafi ki daina gwadawa da hannu. Kar ki juye musu ruwan tallaja, wato firji, kai tsaye, saurin canjin ma illa ne. Ruwan da aka tace shi tas ɗin nan na sha kuma shi kaɗai bai wadatar ba, sunfi son ruwa mai ɗan ma'adinai, sai ki haɗa da na famfo da aka cire masa kulorin. Haske ma basa so, basu da fatar ido.

Wajen sati biyu zuwa uku ƙafafun gaba zasu fito, na baya sai daga baya, kuma a nan ne suke fara cizon juna, babba ya cire wa ƙarami ƙafa ko ya haɗiye shi ɗungurungum. Ƙafar tana sake tsirowa, amma ki riƙa ware su daidai girmansu duk ƴan kwanaki. In sun kai santimita 2 zuwa 3 ki fara gwada musu jar tsutsar nan daskararriya da ake sayarwa, ki narkar ki yayyanka ki riƙa motsa ta a gaban bakinsu har su saba.

Ni dai shawarata, ɗari yayi miki yawa wallahi, kowanne sai ya kai santimita 20 ko fiye kuma yana shekara 10 a raye. Ki riƙe 15 ko 20 ki bawa masu kiwo sauran tun suna ƙanana, sannan ki raba namijin da macen, in ba haka ba nan da ƴan watanni zata sake zuba miki wasu ɗaruruwan.