Tambaya da Amsa: Ƙaramin jirgin ƙasa a bayan gida, zai yiwu a Zariya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan fansho ne, mahaifina ma'aikacin reluwe ne kuma a Sabon Gari kusa da tashar jirgi na tashi, shi ya sa har gobe in na ji kukan jirgi sai jikina ya amsa. Kwanaki jikana ya nuna min bidiyo a waya, wani Bature ya shimfiɗa ɗan layin dogo a lambun gidansa jirgi na ta zagayawa har da gada da tasha, wallahi tun ranar abin ya tsaya min a rai. Ina da fili a bayan gida ba laifi. Shin zai yiwu a garin nan namu, kuma da me zan fara?
Baban Khalifa, Hanwa, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zai yiwu mana, amma dan Allah kar ku fara da sayen jirgi, ku fara da ƙasar da zai bi, don a Zariya ita ce ke kashe wannan aikin ko ta raya shi.

Jiragen nan girma-girma ne. Akwai na cikin ɗaki da ake kira HO, faɗin layinsa milimita 16.5 ne kacal, wannan in kun kai shi waje busasshen ganyen darbejiya ɗaya ya isa ya kayar da shi. Na waje shi ne G, mai faɗin layi milimita 45, wanda kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da shi da sunan LGB a 1968 musamman don ya jure rana da ruwa, yanzu kamfanoni irin su Piko da Bachmann ma suna yi. Daga waje ake odarsu kuma da kuɗin waje, to kun ga dalilin da bai kamata a sayo su a ajiye a ƙasar da ba a shirya ba.

To ga ƙasar. Baba kun san ruwan Agusta a garin nan, in ya sauko dare ɗaya tsakar gida sai ta koma rafi, layin da aka kwantar a ƙasa haka kawai da safe sai dai ku tono shi cikin laka, ga kuma gara, duk katakon da ya taɓa ƙasa ya zama nata. Ni abin da nake ba da shawara shi ne a ɗaga layin, magini ya jera bulo biyu ko uku gefe da gefe, a cika tsakiya da marmara a daddaɓe ta sosai, a bar ƙofofin ruwa da guntayen bututun roba a gindi, sannan a zuba ƙananan tsakuwar dutse a sama wadda layin zai kwanta a kai. Fasasshen dutse mai kaifi za a sa ba na rafi mai sulɓi ba, mai kaifin ne ke riƙe juna. In da hali a bar ginin ya sha damina guda kafin a ɗora layi, duk inda zai lotsa ya lotsa a cike. Wannan tsayin kuma zai hutar da bayanku da gwiwoyinku, kuna zaune a kujera za ku ɗora jirgi kan layi ba sai kun durƙusa ba.

Hawa kar ya wuce santimita 2 a kowace mita, in ya fi haka ƙafafun injin na iya yin ta juyawa a wuri ɗaya. Tiyon nan da magina ke zuba wa ruwa suna auna daidaito ya isa aikin. Kwana kuma mafi ƙanƙanta ta LGB da'ira ce mai faɗin mita 1.2, amma tunda kuna da fili ku ninka haka, jirgi ya fi kyan gani a kwana mai faɗi kuma taragu ba sa sauka.

Zafin Maris da Afrilu shi ma a yi masa lissafi, layin tagulla mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da wajen rabin milimita in zafinsa ya hau da digiri 30, ƙaramin abu ne amma in aka tara a layi mai tsawo aka kuma ɗaure shi tamau sai ya lanƙwashe. A bar ɗan tsagi kamar milimita 1 a kowace mahaɗa in da sanyin safiya ake shimfiɗawa.

Maganar wuta, Turawa da yawa ta cikin layin suke tura ta, bolt 18 zuwa 24 daga taransifoma. Mu nan ban ga amfaninsa ba, ƙurar hunturu na kwanciya kan ƙarfen layin, jirgi ya riƙa tafiya yana tsayawa sai an bi layin kaf da tsumma kullum, ga ɗauke wuta. Batir mai caji a cikin jirgin da rimot a hannu ya fi mana, sola ma ta caja shi, kuma ba ruwanku da jan wayar bolt 220 zuwa inda jikoki ke wasa cikin danshi. Akwai jirage masu aiki da tururi na gaske, ruwa da gas, suna da daɗin kallo ƙwarai amma ku bar wannan sai hannu ya faɗa.

Yanzu ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Tsohon layinmu na Najeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, in kun raba da 45 za ku samu kusan 24, wato duk abin da kuka ƙera a kan ɗaya bisa 24 na girmansa na gaske zai zauna daidai a wannan layin. To me zai sa ku gina ƙauyen Jamus a Hanwa? Zariya mahaɗar jirage ce tun da layi ya wuce ta nan ya isa Kano a 1911, daga nan layin Gusau ya tashi ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga nan kuma siririn layin nan mai faɗin milimita 762 ya hau zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, har aka rufe shi a 1957. Ku gina tashar da kuka sani kuna yaro da siminti, ku ɗora babban dutse ya zama Kufena, ku yi gada a kan magudanar ruwan gidan, taragun gyaɗa da auduga kuma masu ƙera kwano da gwangwani za su yi muku gangar jikinsu in kun zana musu awo, injin da ƙafafu kaɗai za ku sayo. Awaki da kaji dai sai an yi shinge, jirgin kuma a ɗaki zai riƙa kwana.

TAMBAYA: Malam ɗana shekararsa 12, kullum yana cikin ƙera motar langa-langa, yanzu ya dage sai jirgi mai tafiya a kan layi ni kuma ba ni da kuɗin na kanti. Akwai dabara?
Maman Ilham, Samaru.

AMSA: Akwai Hajiya, Allah ya raya shi ya yi masa albarka, kuma kar ki hana shi. Ki je wajen masu haɗa tagar alminiyom ki nemi siraran falle miƙaƙƙu, kafinta ya yanka muku guntayen katako ya yi wa kowanne tsagi biyu da zarto, tsakaninsu milimita 45 daga ciki zuwa ciki, a cusa fallen a tsaye, layi ya samu ke nan. A kan daɓen siminti za a shimfiɗa a kwashe da yamma saboda gara. Ƙaramin injin lantarki mai juyawa na cikin tsohuwar motar wasa da batiran tocila sun isa su ja shi, batirin waya ko na laftof kar a bar yaro ya taɓa shi kaɗai don yana kamawa da wuta. Inda zai sha wuya shi ne ƙafafu, dole kowace ta samu ɗan leɓe ta ciki wanda zai hana ta zamewa daga layi, murfin kwalba biyu ƙarami da babba in aka manne su baya da baya suna yi, ƙaramin ya hau kan layi babban ya tokare ta ciki. Ya fara da miƙaƙƙen layi kamar mita biyu, sai jirgin ya je ya dawo bai faɗi ba sannan a shiga maganar kwana.