Gyambon Ciki da Kalmar "Mai": Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya daga Gusau: Malam, me ya sa ake kiran olsa gyambon ciki, ba a ce raunin ciki ko mikin ciki ba?

Kalmomin uku ba ɗaya ba ne. Rauni sabon ciwo ne, kamar yankan wuƙa. Miki ciwo ne da ya buɗe yana ruwa. Gyambo kuwa mikin da ya daɗe ne ya ƙi warkewa, galibi a ƙwauri, ya yi kamar zai rufe sai ya sake ɓarkewa. Wanda ya fara cewa gyambon ciki ya iya zaɓe, domin haka olsa take: ta lafa, ta dawo. Gyambo ma yana da aikatau da ke bin sa, wato famawa. Shi ya sa in aka tuna wa mutum tsohon baƙin ciki ake cewa an fama masa gyambo. Yaji da yunwa fami suke yi. Tushen ciwon galibi ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a 1982, ko kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin.

Tambaya daga Maraɗi: Na ji an ce man kanumfari da man na'ana'a suna maganin gyambon ciki. Shin irin man habbatussauda ne, a sha cokali guda?

A'a, ɗan'uwa, kuma kalmar ce ta ruɗe ka. "Mai" ɗaya muke da shi a Hausa, abubuwa biyu yake ɗauke da su. Akwai man matsa: gyaɗa, riɗi, zaitun, habbatussauda. Ana matse ƙwayar, maiƙo ya fito. Akwai kuma wanda tururi ke fitarwa, irin na masu haɗa turare: a zuba ganye ko fure a tukunya, tururi ya ratsa shi ya kwashi ƙamshin, ya bi bututu mai sanyi ya koma ruwa, sannan a raba man da ruwan. Na na'ana'a yakan taso sama, na kanumfari yakan nutse don ya fi ruwa nauyi. Ni na fi son a kira wannan "man tururi", don kada a haɗa shi da na miya.

Gwajin ba wuya. Ɗiga man gyaɗa a farar takarda, tabon maiƙo zai zauna. Ɗiga man na'ana'a na gaskiya, zai bi iska, takardar ta bushe. In ya bar tabo, an sirka shi da wani mai.

Zancen magani kuwa yana da tushe, amma bai nuna ba tukuna. Yawancin man kanumfari sinadarin eugenol ne, na na'ana'a kuma babban sinadarinsa menthol ne. A ɗakin gwaji an ga irin waɗannan sinadarai suna hana ƙwayar cutar olsa yaɗuwa a cikin faranti, an kuma gwada wasu a kan ɓeraye. Faranti daban, cikin mutum daban. Ƙwayar tana ɓuya ne ƙarƙashin majinar da ta lulluɓe bangon ciki. Abin da likitoci ke bayarwa har yanzu shi ne maganin rage tsamin ciki kamar omeprazole, haɗe da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, galibi na kwana 14.

Ƙaramin cokali yana ɗaukar mililita 5, kusan ɗigo ɗari ke nan. Man kanumfari kimanin haka ya taɓa lalata hantar ƙananan yara, kuma tsagwaronsa yana ƙona baki da maƙogwaro. Man na'ana'a yana sassauta ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da ciki, sai ƙwannafi ya ƙaru. A nan karin maganar nan ta zauna daram: garin neman gira a rasa ido. Gira ado ce, ido shi ne gani, wato a yi asarar babba wajen neman ƙarami. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, gyambon ne ke zubar da jini, asibiti zai nufa a ranar.