Ƙaramin Gilashin 24mm da Kalmar Makro da ke Jikinsa

Jiya muna tattara kaya ka jefo mini tambaya, ban samu sukunin amsa maka ba. Cewa ka yi, "Maigida, gilashin kyamara guda ɗaya nake so, ƙarami mai faɗin gani, wanda zan riƙa tafiya da shi. Na ga wani 24mm an rubuta makro a jikinsa. Zai ishe ni ɗaukar ƙananan abubuwa, in huta da sayen gilashin makro daban?" To, zauna ka ji.

Batun tafiya ba ni da ja. Gilashin da ya yi nauyi a jaka yake kwana, kuma na sha ganin mutum ya sayi zungureren zum, kwana biyu wuyansa ya gaji, ya koma ɗauka da waya. Irin waɗannan ƙananan kuwa, ka ɗauki Tamron 24mm f/2.8, giram 215 ne kacal. Ka wuni da shi rataye ba ka san yana nan ba, mutane ma ba sa tsarguwa in ka ɗaga shi. A kyamara mai cikakkiyar sensa (ɗan allon cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa), wato mai milimita 36 da 24, gilashin 24mm yana kwaso kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, alhali 50mm bai wuce 47 ba. Ɗaki mai ƙunci, lungu, gaban dogon gini, duk zai shigar maka da su. Sai dai ka fara duba kyamararka. In mai ƙaramar sensa ce, irin APS-C, ka ninka lambar sau ɗaya da rabi, sai 24 ta koma kamar 36, faɗin da kake kwaɗayi ya ragu. A nan 16mm za ka nema.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Makro na ainihi shi ne 1:1, ma'ana abu mai tsawon santimita ɗaya ya sauka a kan sensa da tsawonsa na santimita ɗaya. Yawancin ƙananan gilasai masu faɗin gani da aka rubuta wa makro rabin haka suke kaiwa. Wancan Tamron ɗin 1:2 ne, Canon RF 24mm f/1.8 ma haka. Da 1:2, abin da zai cika maka hoto shi ne mai faɗin santimita 7 da ɗoriya. Fure zai cika, agogon hannu zai cika, idon ƙuda kuwa ka manta da shi.

Sannan lambar nan da ka gani a kwali, wai yana kama abu daga santimita 12, ta yaudari mutane da yawa. Ba daga bakin gilashi ake aunawa ba, daga sensa ne. Duba saman kyamararka, za ka ga ɗan da'ira da layi ya ratsa ta, nan ne mafarin awon. Cire tazarar da ke tsakanin sensa da mazaunin gilashi, cire tsawon gilashin kansa, abin da ya rage tsakaninka da furen bai fi santimita 4 ba. Ka ga matsala ta zo. Inuwar gilashinka za ta faɗa kan abin da kake ɗauka, filashar kan kyamara ba za ta tsallake bakin gilashin ba, ƙwaro kuma ba zai tsaya jiranka ba. Ni kaina na taɓa goga gaban gilashi a jikin jiƙaƙƙen reshe ina ta matsawa ido na cikin kyamara, ban ankara ba sai da hoto ya dushe. Gilashin makro na 100mm yana ba ka 1:1 kana nesa da abin da kusan santimita 14, shi ya sa masu ɗaukar ƙwari da masu hoton zobba da sarƙoƙi ba sa rabuwa da shi.

To me ya sa duk da haka nake son 24mm ɗin? Saboda hoton da yake bayarwa, na 100mm ba zai taɓa ba ka shi ba. Dogon gilashi yana ware abu, ya narkar da bayansa, har ba ka sanin a ina aka ɗauka. Mai faɗin gani kuwa, in ka durƙusa ka kai shi dab da fure, furen zai tashi ƙato a gaba, ga dutsen da ya tsiro a gindinsa, ga hanya, ga sararin sama a baya. Matafiyi abin da yake nema ke nan, ya nuna abu tare da wurin da ya same shi. Kuskuren sababbin hannu shi ne su tsaya daga nesa su ce bari su kwashe komai. Sai hoto ya fito da tarkace, komai ƙanana, ido ya rasa inda zai sauka. Ka samo abu ɗaya ka sa shi gaba, ka matsa har sai ka ji kamar ka yi yawa, sannan ka dubi gefuna huɗu kafin ka danna.

In ka matso haka, kaurin wurin da ke fitowa tangaran yana sirancewa sosai, ko da gilashin mai faɗi ne. Kada ka buɗe ƙofar haske a f/2.8 ka yi tsammanin duka furen zai fito. Ka sauko f/8 ko f/11, bayan ma zai nuna siffarsa. Kada dai ka zarce zuwa f/22, don ƙofar in ta tsuke da yawa haske yana bazuwa, kaifin hoton ya ragu. Cire hular gilashin mai tare hasken rana, ka tsaya ta yadda haske zai zo daga gefe. Saitin fokas kuma, wato inda hoto zai fito tangaran, ka yi shi da hannu, ka kai shi ƙarshen kusa, sannan ka riƙa matsar da jikinka gaba da baya har inda kake so ya fito. Tsohuwar ƙa'idar nan ta saurin ɗauka, mai cewa 1/30 na daƙiƙa ya ishi 24mm a hannu, ta abin da ke nesa ce. A kusa, ga rawar hannu ga iska tana kaɗa ganye, ka nemi 1/250.

Fuskar mutum kuma, don Allah kada ka kai mata shi kusa. Hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya. Ba laifin gilashin ba ne, kusancin ne ke jawo haka, don abin da ya fi kusa da kyamara shi ke fin girma. Ja da baya kamar mita ɗaya da rabi, ka ajiye mutum wajen tsakiya, saboda wanda ya faɗa gefe sai kansa ya miƙe kamar ƙwai. Gini ma in ka ɗaga kyamara sama, bangaye za su karkata kamar za su haɗe. Riƙe ta daidai, abin da ya yi yawa a ƙasa ka yanke daga baya.

Kafin ka fitar da kuɗinka, gobe ka ɗauki nawa. Ka ɗauko mini abu goma, kowanne bai fi tafin hannunka ba, kuma a kowane hoto ina so in gane wurin da kake tsaye. In ka dawo mu duba tare a babban allo.