Amsa ga mai tambaya kan manhajar sayayya da TalkBack

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun da aka sabunta manhajar da kike sayen kaya a ciki, TalkBack, mai karanta wa makafi allon wayar Android, ya daina karanta maɓallin biya, kin kira kamfanin sun ce ki kashe waya ki kunna, kina neman hanyar da za su saurare ki.

A Aboabo nake, nan Kumasi, na daɗe ina sayayya da kunne. Wanda ya ɗauki kiranki ba shi ke gyara ba, da wuya ma in ya taɓa jin sunan TalkBack. Shi aikinsa kayan da ba su iso ba da mayar da kuɗi. Mai gyara shi ne wanda ya rubuta manhajar, kuma da ido yake gwada ta: ya zana hoton kwando, ya ga ya yi kyau, ya manta bai raɗa masa suna a ciki ba. Sau da yawa layi ɗaya zai ƙara a wuce wurin. Wahalar kawai ita ce saƙonki ya isa gabansa yadda zai iya maimaita abin da ya same ki.

Ki shiga Play Store, shafin manhajar, can ƙasa akwai adireshin imel na masu ita. Nan za ki rubuta, da Turanci, gajere, matsala ɗaya a saƙo ɗaya. In kika ce "manhajarku ba ta yi wa makafi aiki", za su ba ki haƙuri su rufe zancen. Ki faɗi irin wayarki, Android nawa ne, lambar manhajar, sai ki jero: na zaɓi kaya, na shiga kwando, na shafa dama, TalkBack ya ce maɓalli marar suna, ban san ko na biya ne ko na gogewa ba. Ki ƙara da lambar da suka sani, wato sashe na 4.1.2 na WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da intanet, wanda ya ce kowane maɓalli sai da suna da bayanin aikinsa.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne bidiyo. Daga Android 11 waya na ɗaukar allonta da kanta, amma ki cire abin kunne ki zaɓi makirufo, in ba haka ba muryar TalkBack na iya ƙin shiga. A cikin saitin TalkBack kuma akwai inda ake kunna rubutun abin da yake faɗa ya fito a allo. Ki tsayar da ɗauka kafin a zo lambar sirrin MoMo, don Allah.

Ki faɗa musu kuɗin da suka rasa. Na taɓa rubuta wa wani kamfani cewa na cika kwando, taswirarsu ta ce sai na ja alama da yatsa, na haƙura na aiki ƙanena kasuwar Kejetia. Na roƙe su su sa wurin rubuta adireshin GhanaPost GPS, wato lambar adireshin gida ta Ghana, tunda tun 2017 muke da shi. Wannan saƙon ne aka amsa da sunan mutum, ba inji ba.

Batun doka, ni ba na fara saƙo da shi. Muna da dokar naƙasassu ta 2006, Act 715, amma barazana a saƙon farko takan sa a tura ki wurin lauya maimakon mai gyara. In kamfanin na ciniki a Turai, kina iya tuna musu cewa dokar Tarayyar Turai ta sauƙaƙa wa naƙasassu ta fara aiki kan shagunan intanet ranar 28 ga Yuni 2025. A Amurka ma wani makaho ya kai kamfanin fiza na Domino's ƙara kan manhajarsu, a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin.

In mako biyu ya wuce shiru, ki rubuta a wurin ba da taurari, inda kowa ke gani, ki kuma sanar da ƙungiyar makafi ta Ghana Blind Union. Mu ma masu amfani da manhajar kowa ya aika nasa daban, kada a kwafi kalma ɗaya. Kafin nan ki kashe sabuntawar kai-tsaye, ki gwada shafinsu ta Chrome, wani lokaci can ya fi karantuwa. Turo mini sunan manhajar ta bayan fage in gwada ta da VoiceOver, mai karanta allon iPhone, mu ga ko a iPhone ma haka take.