Dalilin da ya sa nake sa ka tsince gahawa

Sani, jiya ka tambaye ni me ya sa nake zaunar da kai gaban faifai kana tsince gahawa ƙwaya-ƙwaya, alhali duk kasko ɗaya za su shiga. Matso ka ji abin da na gano da idona.

Shekarun baya na raka wani abokin ciniki daga nan Birnin Kebbi har Gembu, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Daga Mayo Selbe mota ke fara hawa tana nishi, ka baro zafi a ƙasa, ka iske hazo da sanyi a sama, tsayin wajen mita 1,600. Ƙasar gonar da muka shiga ja ce mai laushi, wadda ta narke daga duwatsun da suka yi aman wuta tun zamanin da. Ruwa ba ya kwanciya a gangare, saiwa ba ta ruɓewa. Irin gahawar da ake nomawa a can shi ake kira Arabika, ba ya jure zafinmu na bazara, ko fadamar Argungu ba za ta raya shi ba.

Tsinkar ce ta tsaya mini a rai. Reshe guda, ga kore, ga rawaya, ga ja jawur. Wata dattijuwa ta miƙo mini ja ɗaya, na latsa, ƙwaya biyu suka sulluɓo cikin yauƙi mai zaƙi. Jan kaɗai take cira, sauran sai ta sake zagayowa. Itacen kan shekara uku ko huɗu kafin ya fara haihuwa, daga fure zuwa nuna kuma wata bakwai ko fiye. In an zuba 'ya'yan a ruwa, wanda ya taso a kwashe, holoƙo ne. Kilo biyar zuwa shida na 'ya'yan ke ba da kilo ɗaya na ƙwaya.

Ba kowa ke da haƙurin baiwar Allah nan ba. Wani zage reshen yake gaba ɗaya, buhu ya iso mana a gauraye. Ƙwayar da ba ta nuna ba wuta ba ta kama ta, ka gan ta fari-fari bayan 'yan uwanta sun yi ja. Baƙa ko wadda ƙwaro ya huda kuwa, 'yan kaɗan sun isa su ɓata buta guda, kuma citta ba ta rufe wannan ɗacin.

Gobe bayan asuba, kafin ka hura gawayi, ware mini marasa kyan a gefe. Mu soya su daban, mu daka, ka kurɓa da bakinka.