Maigidana ya bar aiki saboda ciwo, an ce kashi 25 kawai za a ba shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Legas, a Agege muke zaune. Shekararsa 44. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, da abin ya ƙi sai ya rubuta takardar ajiye aiki. Kamfanin fanshonsa ya ce kashi 25 cikin ɗari kawai za a ba shi, sauran sai ya kai shekara 50. Akwai inda za mu kai kuka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya. Akwai, amma matsalar tana cikin takardar da ya rubuta da hannunsa.

Dokar fansho ta 2014 ta hana taɓa asusun ritaya kafin shekara 50, sai dai sashe na 16 ya keɓe wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci, suka tabbatar jikinsa ko hankalinsa ba zai iya aikin ofishinsa ba. Irin wannan ba ya jiran shekara 50: zai karɓi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Shi kuwa kashi 25 na wanda ya bar aiki ne ya yi wata huɗu bai samu wani ba. Tunda takardarsa cewa ta yi ya ajiye aiki, a nan kamfanin ya sa shi. A ganina ba su kauce wa doka ba, abin da fayil ya nuna suka bi, ko da yake ya kamata su yi muku bayani.

Don haka ma'aikatarsa za ku fara komawa. Ku rubuta wa shugabanta, ku roƙi a tura shi gaban kwamitin likitoci, a mai da barin aikin ritaya ta rashin lafiya. Ba dole ba ne su amince nan take, shi ya sa hujja ke da muhimmanci. Ku haɗa katin asibiti, hoton ƙwaƙwalwa, da takardun hutun jinya, duk abin da ke nuna ciwon ya riga takardar ajiye aikin.

Rahoton likita shi ne inda mutane suka fi yin asara. Likita ya rubuta sunan ciwo da magunguna, ya sa hannu, shi ke nan. Wannan ba ya amsa tambayar da doka ta yi. Ku gaya wa likitan ainihin aikin maigida, direba ne ko akawu, don ya faɗa ƙarara cewa ba zai iya wannan aikin ba, kuma ko ana sa ran ya warke. Na asibitin gwamnati ya fi karɓuwa, irin asibitin koyarwa na Idi-Araba. Kada ku ji tsoron an rufe masa ƙofa: doka ta ba shi damar neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya a duk shekara biyu.

Idan takardu sun cika kamfanin ya ci gaba da ƙi, ku nemi dalilinsa a rubuce, ba ta waya ba. Sannan ku rubuta wa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana da ofishi a Ikeja, ku ba kamfanin kwafi. Ma'aikatan jihar Legas kuwa hukumarsu LASPEC ce. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai reshenta a Ikoyi, kuma ita ce za ta saurare ku idan ma'aikatar ce ta ƙi gyara takardar. Kada ku bar maganar ta kwana, domin lauyoyin gwamnati kan fake da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wa'adin wata uku kacal na shigar da ƙara.

Abu ɗaya da ba na son ku sa rai a kai: ritayar rashin lafiya ba ta ƙara ko kwabo a asusun. Abin da aka tara ne, kashi 8 cikin ɗari na albashinsa da kashi 10 da gwamnati ke zubawa, da ribarsu, sai tsohon haƙƙinsa idan ya fara aiki kafin tsarin fansho na 2004. In kuma likita ya danganta ciwon da aikin, akwai diyya dabam a hukumar inshorar ma'aikata, NSITF, ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010.